Gahawar da Na Ƙi Sha a Unguwar Safa

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa na zaman da na yi a Jidda. Na manta fuskokin mutanen da muka ci a kwano ɗaya, rabin Larabcin da nake zazzagawa a kasuwa ma ya gudu ya bar ni, amma akwai yini guda da ba zai fita daga kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Ranar ce aka miƙo min finjalin gahawa, ɗan ƙaramin kofin nan nasu, a wani gida a unguwar Safa, na karɓa da hannun dama, na dire shi a kan darduma ban kai baki ba. In na faɗa wa jikokina haka dariya suke yi, wai yanzu ƙin shan gahawa ma ya zama labari. Ya zama mana, tunda a kansa na rasa sana'ata, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba.

Wajen shekara ta dubu biyu ne. Ina cikin waɗanda ake kira Takari, mun shigo Umara da maigidana muka yi zamanmu, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai sai Allah. Shi ya rasu a can, ya bar ni da ɗaki ɗaya a unguwar Madain Fahd. Na yi shekaru ina aikatau a gidajen Larabawa, a nan na koyi harshensu, na kuma koyi abin da ya fi harshen amfani, wato abin da suke jin kunya da abin da ba sa ji. Da na gaji da goge-goge sai na koma jagorar alhazai. Aikin ba wuya in kina da baki da ƙafa. Alhazan ƙasarmu in sun gama aikin Hajji suka sauko Jidda jiran jirgi, hankalinsu a kan tsaraba yake, ga shi ba su san gari ba, ba sa jin Larabci. Sai mu kwashe su mu kai su kantunan da muka yarda da su, mu yi musu tafinta, mu taya su ciniki, mai kanti ya ba mu la'adarmu. Ni hajiyoyi nake ja, kuma kowa ya san su ne kasuwar. Namiji ya sayi hula da carbi da agogo, ya gama. Mace kuwa sai ta saya wa har jikar maƙwabciyarta.

Muna da ƙungiyarmu ta jagorori, ba rajista ba ofis, shugabanmu kuma yayan marigayi maigidana ne, Yaya Alhaji nake ce masa. Akwai wata al'ada da muka tarar. Duk shekara bayan ƙaramar Sallah, kafin jiragen alhazai su fara sauka, kowane babban mai kanti da ke son mu kai masa mutane sai ya gayyace mu gidansa. Ya yanka rago, a dafa shinkafa, maza a falonsu mata a nasu. Amma kafin a sa hannu a abinci sai an baje koke-koken bara: ka sayar wa alhajinmu darduma mai zuba, yaronka ya zagi hajiyarmu, an yi wa wance algus a turare. Mai kanti ya ba da haƙuri, ya gyara abin da zai gyara. In an ci abincin nan, an ƙulla na shekara guda ke nan, baɗi kuma a sake zama. Wannan ne kaɗai yinin da mai dukiya da takardu ke zama ya saurari Takari har ya gama magana.

Babba a cikinsu wani tajiri ne mai kantuna a tsohuwar kasuwa da ƙaton sito a Bagdadiyya. Kayansa kusan duk daga ƙasar Sin suke zuwa, darduma, carbi, akwatuna, agogon nan mai kiran sallah. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma a sitonsa akwai wani tsoho, Bahaushen Sudan, muna ce masa Baba mai ɗauri, don shi ke ɗaure wa alhazai kayansu. Shi yana da iƙama, tajirin ne kafilinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa a takarda, fasfonsa kuma na hannun tajirin. A lokacin ma'aikaci ba ya barin ƙasar sai kafilinsa ya sa hannu an buga masa huruj, wato izinin fita. Abin mamaki, mu marasa takarda in mun gaji sai mu miƙa kanmu a mai da mu gida, shi mai takarda in ya miƙa kansa kafilinsa za a kira ya zo ya ɗauki abinsa.

Baba gida yake son zuwa. Ya daɗe bai ga iyalinsa ba, har 'ya'yansa mata ta kaset ya aurar da su: ya yi magana a kaset ya aika, su ma su aiko masa da nasu, ya zauna a bayan dila yana saurare yana share ido. Ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Shi kuwa tajiri ba ya son sakinsa, saboda alhazai sun yarda da tsohon nan, suna barin kayansu a wurinsa su tafi Madina hankali kwance. Duk shekara a zamanmu sai an tayar da maganarsa, duk shekara amsa ɗaya ce: bayan Hajji in sha Allah. Bayan Hajji a ce a bari a gama lissafin sito, kafin a gama azumi ya zo da 'yan Umara, sai kuma ga wani Hajjin.

A wannan shekarar na biya ta siton na same shi yana ɗaurin wata dila da lalube, hannunsa ne ke gani ba idonsa ba. Na yi sallama, ya ɗago yana kallon gefena.

"Ɗiyata, ke ce? Muryar na gane."

"Ni ce, Baba. Ya idon?"

"Alhamdu lillahi. Bana in kun zauna a ƙara tuna masa. Hasken da ya rage min kaɗan ne, ina so in ƙarar da shi a kan fuskar jikokina, ba a kan igiya ba."

Na ce masa in Allah ya yarda. Na fito, ni kaina na san "in Allah ya yarda" ɗin nan tawa ta fara kama da ta tajiri.

Ana saura kwanaki kaɗan zaman, Yaya Alhaji ya tara mu a tsakar gidansa bayan la'asar. Mutum ne da ba ya rabuwa da rediyo, abin da ya ji da safe da yamma zai maimaita maka kamar shi aka aika ya gano. Ya ce albishirinmu: tajiri ya ce zai buɗe mana duk kantunansa, ya ƙara la'ada, amma ya gaji da zaman shekara-shekara. A ƙulla sau ɗaya ya zama dindindin, ragon bana shi ne na ƙarshe. Maza suka ɗauki kabbara. Na ce, to, maganar Baba mai ɗauri fa, a wane zaman za a ƙara yin ta?

Ya yi min irin murmushin da ake yi wa yaro. "Ku matsalarku ba kwa sauraren duniya. Yanzu haka 'yan majalisar Amurka abin da suke ta jayayya a kai ke nan. Duk shekara sai sun zauna sun duba ko za su ci gaba da ciniki da Caina yadda suke yi da kowa, wai tana ɗaure masu magana, tana takura wa ma'aikata. Yanzu manyansu na cewa a bar wannan wahalar, a mai da abin dindindin, ciniki da kansa zai gyara hali. To Amurka ke nan da jiragen yaƙinta. Mu su wa?"

Na ce, "Yaya Alhaji, rediyon nan ni ma da kunnena. Rabin zancen ka faɗa. Ai akwai waɗanda suka tsaya suka ce in aka soke zaman shekara, da wane baki za a ƙara tambayar waɗanda ke ɗaure? Ni ban san Caina ba sai a gindin kofi da bayan agogo. Amma na san Baba."

Nan fa ya ajiye rediyon. Ya ce da iƙamar wa zan yi fito-na-fito da ɗan ƙasa? Waya ɗaya zai buga, duk mu kwana a Tarhil, gidan da ake tsare irinmu kafin a kora su. Ya ce in duba gidajen da ke cin tuwo daga kantin nan, har da na marayu. Ya ce in mun janye wasu ne za su shiga, Baba kuma ko mai gaishe shi da Hausa ba zai ƙara samu ba, gara muna ciki muna lallaɓawa a hankali. Yau da furfura a kaina ba zan ce maganarsa banza ba ce. Mutumin nan ya ɗauki nauyin mutane da yawa, tsoronsa kuma na gaske ne. Sai dai lallaɓawar nan mun yi ta har idon tsoho ya tafi rabi, alhali lokacin muna da zama. Ya rufe taron da cewa ranar walima kada wanda ya kuskura ya ambaci Baba, kada a ɓata mana miya. Na koma ɗakina ina huci, kuma gaskiya haushin Yaya Alhaji ya fi na tajirin yawa a raina. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Ina cikin wanke kwanuka wani abu ya faɗo min a rai. A wani gida da na taɓa yi wa aikatau, wata rana wani dattijo ya zo neman sulhu, aka zuba masa gahawa ya ajiye bai sha ba. Gidan nan kaf ya rikice, har mu na kicin. Uwar gidan ce ta bayyana min: a al'adarsu ta dauri, baƙo in ya ajiye finjali bai sha ba, buƙata ce da shi, kuma babban abin kunya ne gahawa ta huce a gaban baƙo ba a biya masa ba. Sai mai gida ya ce sha, abin da ka zo nema naka ne, sannan ya sha. Mutanen birni sun fara barin abin, amma tsofaffin da suka taso a ƙauye ba sa wasa da shi. Ni kuwa na san mahaifiyar tajirin nan, duk shekara ita ke zama da mu a falon mata, kuma ba 'yar birni ba ce. An hana ni magana, amma ba wanda ya ce dole in sha gahawa. Ban faɗa wa kowa ba, don na san in na faɗa za a bar ni a gida.

Ranar muka shiga motar haya bayan azahar muka nufi Safa, inda gidan tajirin yake. Unguwa ce sabuwa a lokacin, benaye masu sheƙi, kowace ƙofa da mota. Aka shigar da mu falon mata, sanyi da turaren wuta suka tarye mu. Tsohuwar na zaune a ƙasa kamar kullum, don ta ce kujera ta marasa lafiya ce, 'yar ƙarama da ita, hannu ya sha lalle. Kusa da ni ƙawata ce 'yar Maraɗi, mai son abinci da tsoron 'yan sanda. Can gefe kuma wata Bahaushiyar Sudan, haifaffiyar Jidda, wadda Larabcinta ya fi Hausarta. Ƙamshin ragon na shigowa har inda muke. Matar tajirin ta ɗauko butar gahawa ta fara zubawa daga dama, aka zo kaina. Na karɓa, na ce na gode, na dire shi a gabana.

Mata suka ci gaba da hira da cin dabino, ba wadda ta lura. Bahaushiyar Sudan ce ta fara gani. Ta dubi finjalin, ta dube ni, fuskarta ta canja. Sannan a hankali ta sauke nata ita ma. Ƙawata 'yar Maraɗi da ta ga mun ajiye sai ta ajiye, a zatonta wata sabuwar wayewa ce. Daga baya ta ce min da ta san ma'anar, da ta shanye nata ta haɗa da nawa.

Tsohuwa ta ɗaga hannu, hira ta mutu.

"Ya binti, gahawarmu ba ta yi miki ba?"

"Gahawarku ba ta da aibu, ya ummi. Buƙata ce da ni."

Ta gyara zama. "Faɗi."

Na faɗa mata. Na ce akwai tsoho a siton ɗanta, ya kusa sa'anta, idonsa na mutuwa, yana da jikokin da bai taɓa gani ba, fasfonsa na kulle. Ba kuɗi nake roƙo ba, ba la'ada ba, a sake shi ya je gida. Ta ce wanda ke kawo musu ragon layya duk shekara? Na ce shi. Ta murza carbinta, sannan ta ce wa surukarta ta kira mata ɗanta.

Ya zo ya tsaya a bayan labulen da ya raba mu da hanyar falon maza. Uwar ta yi masa bayani a gajarce. Sai na ji ya yi dariya, irin dariyarsa ta kanti.

"Ma'alesh, ba komai, ya hajja, wannan ai ba mushkila ba ce. Sha gahawarki. Halas, an gama, bayan Hajji in sha Allah."

Tsohuwa ta saki fuska, a ganinta an biya. Ta sa aka zuba min sabuwa mai zafi. Duk matan falon suka sauke numfashi, ƙawata na taɓa ni da gwiwa tana cewa yalla ki sha mu ci abinci. Na karɓi finjali na biyu, na dube shi, na dire shi kusa da ɗan'uwansa. Na ce, "Ya ummi, ki yafe min. Wannan 'bayan Hajjin' Baba ya yi shekaru yana shan sa, bai kashe masa ƙishirwa ba."

Dariyar bayan labule ta ɗauke. Muryar da ta biyo baya ban taɓa jin ta a bakinsa ba. "Ke wace ce? Ina iƙamarki?"

Duk Takari ya san wannan tambayar, ita ce ke sa mutum ya bar takalminsa a titi. Ƙawata ta riƙe min zane. Sai kuma ga muryar Yaya Alhaji, ashe an je an faɗa musu, yana magana ƙasa-ƙasa da Hausa: "Ke! Don girman Allah ki rufa mana asiri ki sha abin nan."

Na ce, "Yaya Alhaji, ka sha naka."

Sannan na juya wa labule da Larabci. Ban san inda na samo ƙarfin ba, bakina ne kawai ke aiki. Na ce, "Ba ni da iƙama, ka kuma sani tun shekarun da nake cika maka kanti da hajiyoyi. In za ka kira su, kira. Amma a ɗakin mahaifiyarka za su same ni, da gahawarku a gabana."

Tsohuwar nan da ake taimaka wa ta tashi, ranar da kanta ta miƙe a kan gwiwa. Ta ce wa ɗanta a gidanta zai tambayi baƙuwa takarda? Ta ce ubansa har ya koma ga Allah finjali bai taɓa hucewa a gabansa ba, yau ga biyu sun huce a gabanta tana raye. Ta ɗauki nata finjalin ta ajiye a jerin namu, ta ce kada a fito da abinci, ko na maza ko na mata. Sauran abin da ta faɗa masa da irin Larabcinsu na ƙauye ne, ban kama duka ba, amma na ga surukarta ta sunkuyar da kai.

Muka zauna. Shinkafa na can na sandarewa, maza na can da yunwa, ni kuma ina ta lissafin abin da zan ce a kula min da shi a ɗakina in motar 'yan sanda ce ta zo. Ban san wadda za ta riga ba, motar ko fasfon. An kira la'asar muna nan zaune, ba wadda ta motsa sai da tsohuwa ta ce mu yi sallah. Muna idarwa matar tajirin ta shigo da faranti, a kai wani tsohon fasfo ne an ɗaure shi da roba. Tsohuwa ta buɗe ta kai kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, ta miƙo min. Hoton wani mutum ne mai baƙin gemu da idanu tar. Sai da na ƙura masa ido na gane Baba ne.

Ta ce, "Huruj a wuyana yake. Sha, ya binti."

Aka tashi za a zuba min ta uku mai zafi, na ce a'a. Na ɗauki finjalin farko, wanda ya yi sanyi ƙalau, na shanye. Ɗaci kamar maɗaci, amma ban taɓa shan abin da ya kwanta min a rai irinsa ba.

Kada ku zaci an ɗauke ni a kafaɗa. Maza suka ci ragonsu, aka ƙulla dindindin ɗin kamar yadda tajiri ya so, da sharaɗi guda: kada in ƙara taka kantinsa. Yaya Alhaji ya amsa, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Labari ya zaga kasuwa, sauran masu kantuna ma suka ce ba sa son mai ajiye finjali. A mota muna dawowa ba wanda ya kula ni sai Bahaushiyar Sudan, da ta matse min hannu. Hajjin shekarar ina kallo wasu ke jan hajiyoyina. Na sayi kasko na koma suyar ƙosai a bakin lungunmu a Madain Fahd, hayaƙi na cin idona, in an ce ga mota in kwashi kasko da zafinsa in ruga. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ko sau ɗaya ban je na ba kowa haƙuri ba. Yaya Alhaji ya aiko a ce in na je na durƙusa wa tajiri wataƙila a duba. Na ce a gaya masa gwiwata ciwo take yi.

Tsohuwa ta cika alkawari. Kafin jirgin alhazai na farko ya sauka aka buga wa Baba huruj, ya shiga jirgin ruwa ya haye. Ban raka shi tasha ba, don irina ba ta zuwa inda ake duba takarda. Daga baya na ji a rediyon maƙwabta wai Amurka ma ta bi shawarar su Yaya Alhaji. Ko abin ya gyara halin wani a can, ko bai gyara ba, ban sani ba, ban je na gani ba. Namu dai na gani. Ba a ƙara zama a Safa ba. Wanda aka ɗauka a madadin Baba, shi ma fasfonsa a kulle yake, kuma babu sauran ranar da wani zai buɗe baki ya tambaya.

Bayan wasu watanni wani ɗan Sudan ya zo wurin suyata yana tambayar mai gahawa, ya miƙo min kaset. Na ara rikoda na kunna. Muryar Baba ce, ga hayaniyar yara da kukan awaki a bayansa. Ya yi gaisuwa mai tsawo irin tasu, ya yi addu'a har na gaji da amin. Can sai ya ce, "Ɗiyata, na iso da sauran haske. Manyan dishi-dishi nake ganinsu, amma ƙaramar na ɗora ta a cinya a cikin rana na duba ta da kyau. Tana da wushirya, irin ta kakarta." Mutumin da ya kawo kaset ɗin ya ce min yanzu idon ya rufe gaba ɗaya. Da an jira bayan Hajji, da sai dai ya shafa.

Abin da wannan ya koya min ke nan, kuma shi nake faɗa wa jikokina in sun gama dariya. Ciniki ba laifi ba ne, da shi muka ci muka sha. Amma in kana da yini ɗaya tak da mai ƙarfi ke zama ya saurare ka, kada ka sayar da shi ko nawa aka taya, domin ba naka ba ne kai kaɗai, har da na wanda ba a gayyata ba. Kuma kada ka sha gahawa a kan alkawarin da aka saba yi maka, bari sai ka ga abin a faranti. Na rasa kasuwa, na rasa yayan miji, na ƙare da kasko. Amma tsoho ya ga wushiryar jikarsa. A sake miƙo min finjalin nan yau, wallahi a ƙasa zan dire shi.